Manhajar da Maharazu Ya Raba

Shagona na gyaran injin ban ruwa yana manne da na Maharazu a bakin titin Kura. Langa-langa guda ce ta raba mu, don haka ko atishawa ya yi sai na ce masa yarhamukallah. Ni aikina baƙin mai ne da sifana. Shi nasa waya da kwamfuta ne, da wani ɗan siririn sukundireba da nake ce wa asuwaki. Mun daɗe muna zolayar juna a kan haka. Ni na ce sana'arsa ta masu tsoron rana ce, shi ya ce tawa ta masu ƙarar da sabulun matansu ce.

Akwai wata al'ada a wajenmu wadda ba wanda ya kafa ta, amma kowa ya san ta. Mace in wayarta ta lalace, kafin ta ba da a kai gyara sai ta buɗe ta ta zare memori, ta ƙulle shi a haɓar zani. Ba wani mugun abu ake ɓoyewa ba. Hotunan cikin gida ne, na suna, na kitso, na lalle, inda mace ta sake da 'yan uwanta kai babu ɗankwali. Kuma an sha ganin masu gyaran da idonsu ba ya tsayawa inda aka aike shi. A duk layinmu Maharazu kaɗai ake miƙa wa waya yadda take, da memorinta, har a gaya masa lambar buɗewa. Na sha ganinsa in hoto ya faɗo a fuskar waya yana cikin aiki, sai ya kife ta a kan teburi ya kau da kai, alhali ba mai ganinsa sai ni da nake leƙe ta hujin langa-langa. Wannan yarda ita ce jarinsa. In ka cire ta, abin da zai rage a shagon nan teburi ne da fanka mai ciwon wuya.

Asalinsa manomi ne, kamar kowa a nan. Mahaifinsa, marigayi Malam Dattijo, ya yi suna wajen renon tumatir. Fangalinsa yana gindin ƙaramin kanal ɗin da ya nufi wajen Bunkure, kuma in lokacin dashe ya zo, duk wanda nasa reno ya ƙone ko tsutsa ta cinye, can yake nufa. Malam Dattijo yakan yafa iri fiye da buƙatarsa da gangan. Zai tumɓuko, ya ɗaure da ganye, ya yayyafa ruwa, ya miƙa maka, in ka soma godiya ya ce ka yi sauri kada rana ta buge shi. Wanda ya karɓa kuma, in ya gama dashensa ya yi saura, sai ya miƙa wa na gaba. Haka ake yi. Iri mai kyau ba a zaune masa a kai, wanda ya yi haka kuwa sunansa marowaci har jikokinsa.

Maharazu ya gaji fangalin, ya gaji halin. Har yau yana reno, yana rabawa. Matsalar ita ce bai bar halin a gona ba, da shi ya shigo shago. In ya samu karatun wani alaramma mai daɗin murya, kafin sati ya zagayo duk wayoyin garin sun samu. In ya samu wata manhaja mai amfani, sai ka ji yana kiran masu wucewa: “Kawo wayarka in sa maka wani abu.” Ko sauran masu gyara, waɗanda ya kamata a ce kishiyoyin sana'arsa ne, sai su zo da filas ɗinsu, ɗan abin nan da ake kwafar kayan kwamfuta a ciki, ya cika musu. Na sha yi masa faɗa. Ni ko sifana mai lamba goma ba na ba da aro sai na ga mutum ya ajiye hularsa.

A shekarun nan tsofaffin laftof na gwanjo suka cika garin. Malaman makaranta sun saya, sakatarorin ƙungiyoyin manoma sun saya, masu injin casar shinkafa ma kowa yana son a gan shi da ɗaya a kan teburi. Tsofaffi ne tukuf. In ka kunna su, kana iya zuwa ka yi alwala ka dawo ba su gama farkawa ba. Maharazu ya ce mini babbar manhajar da ke tuƙa kwamfuta, wadda duk sauran suke hawa kanta, sabuwarta ta yi musu nauyi. Abin yana damunsa ƙwarai, don ba ya son mutum ya zo da matsala ya koma da ita.

Wata rana da hantsi ya leƙo shagona yana murmushi har kunne.

“Hashimu, bar injin nan ka zo ka ga ikon Allah.”

Na bi shi ina goge hannu. Ya danna wata tsohuwar laftof da na san ta da nawa, kafin in ja kujera ta buɗe tar. Ya ce a wani zauren masu gyara na intanet ya samu. Wai asalin rubutun da wani babban kamfani na ƙasar waje ya gina tsohuwar manhajarsa da shi ne ya fita, aka watsa shi, kowa ya kwasa. Sai wani ya ɗauka ya rage mata nauyi, ya gyara ta, ya ɗora kyauta don masu tsofaffin kwamfuta.

“Wane ne shi?” na tambaya.

“Wani bawan Allah ne. Ba ya sa sunansa.”

“Kai kuwa ka taɓa ganin wanda ya yi aikin alheri irin wannan ya ɓoye sunansa?”

“Babana,” in ji shi.

Na koma kan injina.

Yana da ƙanwa, Khaulat, tana aure a Kumbotso, ita ce ta yi karatun kwamfuta na gaske, tana aiki a wani ofis a cikin Kano. Ya kira ta a ranar don ya yi mata albishir, ya sa wayar a sifika kamar yadda ya saba, ni kuwa ina ji ta langa-langa.

“Yaya, don Allah ka goge abin nan,” ta ce. “Kayan sata ne fa, kuma ba ka san hannun da ya bi ba.”

“Wanda ya sato shi ne ɓarawo. Ni a fili na tsince shi, an ce kowa ya ɗiba.”

“Ba nan matsalar take ba, Yaya.”

“Ke dai ’yan birni komai tsoro. Na gwada, lafiya lau take aiki. Ina yaran?”

Da haka ya kashe zancen. Ya zuba manhajar a wani jan filas, ya rataye shi a wuya da zare. A damina guda kusan duk wata tsohuwar laftof da ke Kura ta sha daga jan filas ɗin nan. Masu gyara daga Bunkure suka zo suka kwafa, wani ma daga Dawakin Kudu. Bai karɓi komai a hannun kowa ba. Ana ta sa masa albarka, shi kuma yana ta cewa a yi sauri akwai na baya.

Cikin waɗanda ya sa wa akwai Ummulkhairi, matar Badamasi. Badamasi abokinsa ne tun suna yara, tare suka koyi iyo a kanal, tare suka sha bulala a kan haka. Gonakinsu ma a jere suke, ruwa sai ya bi ta gefen ɗaya yake isa ɗayar. Ummulkhairi ita ce shugabar wata ƙungiyar mata masu turara shinkafa, a tsakar gidanta ake kafa tukwane. Ƙungiyar ta mallaki laftof don ajiye bayanan mambobi da lambobin wayarsu, amma gaskiyar magana, babban aikinta shi ne ɗebe kewa. Sai a ɗora ta a kan kifaffen turmi, a haɗa ta da datar waya, a saki wa'azi ko waƙa, mata suna aiki. Wanda ya san turarar shinkafa ya san zafinta. Ga wuta, ga tururi, ga rana. Ba mai yin ta da hijabi. Ɗaurin ƙirji ake yi, a tuɓe ɗankwali, a turo ƙyauren gida, namiji ko mai gidan ne sai ya yi sallama ya jira.

Bayan an yanke shinkafar damina, aikin turara ya kankama, sai ga saƙo ya shigo wayar Badamasi daga baƙuwar lamba. Hoto ne. Matarsa ce tsaye kan tukunya, da wasu matan mutane a bayanta, yadda ba wanda ya taɓa ganinsu sai mazajensu. An rubuta cewa akwai irinsa da yawa, in ba a biya ba za a watsa. Kafin la'asar mazan sauran matan ma sun samu nasu.

Ina ƙarƙashin wani inji na ji an bugi teburin Maharazu har asuwakinsa ya faɗo ƙasa.

“Wa ya taɓa kwamfutar gidana in ba kai ba?”

“Badamasi, zauna ka gaya min abin da ya faru.”

“Ba zan zauna ba! Duba nan!”

Ya tura masa wayar a fuska. Maharazu yana ganin abin da ke ciki ya runtse ido ya juya kai, kamar yadda ya saba. Wannan ya ƙara tunzura Badamasi.

“Yanzu ne za ka kau da kai? Yanzu?”

Na fito da sifana a hannu na shiga tsakani, mutane suka taru. Maharazu bai ɗaga murya ba. Ya ce wallahi bai taɓa buɗe hoton kowa ba, kuma ni shaida ne. Na ce haka ne. Badamasi ya ce ni in rufe masa baki, maƙwabci ai ba ya ƙin maƙwabcinsa. Raina ya ɓaci sosai, har na so in gaya masa maganar da za ta zauna masa, sai na dubi idonsa na ga hawaye ne a ciki. Na haɗiye.

Washegari Khaulat ta zo a motar haya, ko gida ba ta biya ba. Aka ɗauko laftof ɗin daga gidan Badamasi a nannaɗe cikin buhu. Ta zauna a kujerar yayanta ta daɗe tana dannawa, sannan ta juyo da fuskar wajensa. Ta nuna masa cewa duk lokacin da kwamfutar ta samu data, kyamararta tana ɗaukar hoto a ɓoye, ’yar fitilar da ya kamata ta kama ba ta kamawa, kuma tana tura hotunan da duk abin da aka ajiye a ciki zuwa wani wuri da ba wanda ya sani.

“To ta ina ya shigo?” Maharazu ya tambaya. “Na sa mata maganin cuta fa.”

“Ba shigowa ya yi ba, Yaya. A ciki aka gina shi. Tunda asalin rubutun ya fita, kowa zai iya ɗauka ya sake ginawa, ya ƙara abin da ya ga dama, a waje kuma ba za ka ga bambanci ba. Wanda ya rage mata nauyi shi ya bar wa kansa ƙofa. Ko da ma bai bari ba, ɓarayi sun karance rubutun nan kaf, sun san duk inda katanga ta yi laushi, kamfanin kuma ya daina yi wa tsohuwar faci.”

Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ni ne da na faɗa, har da ƙari.

Maharazu ya murza jan filas ɗin da ke wuyansa. Can ya ce, “Ke nan duk wadda na sa wa haka take?”

“Duka. Da duk wadda aka sa wa daga wajen waɗanda ka bai wa.”

Ni shawarar da na ba shi mai sauƙi ce. Na ce Khaulat ta je ta yi wa Badamasi bayani cewa ’yan damfara ne daga nesa, shi kuma ya riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ya ce akwai sabon abu da zai ƙara musu, ya goge a ɓoye. Sunansa ya tsira, aikin ma an yi. Ya ce ya ji, amma wa zai kira? Na Kura ya san su. Na Bunkure fa, da mai gyaran can ya sa wa? Na Dawakin Kudu fa? Wanda ya karɓa ya miƙa wa na gaba, na gaba ya miƙa wa na gaba, yadda shi kansa ya koya musu. Wataƙila a lokacin da muke magana akwai laftof a buɗe a wani ɗaki, matar wani tana shiri a gabanta. Ya ce hanya ɗaya ce, sai dai kowa ya ji, kuma kowa ba zai ji ba sai da sunansa a ciki.

A satin aka yi gayyar yasar kanal, kamar yadda ake yi kafin a saki ruwan rani. Duk mai gona a layin yana fitowa da shebur ko fartanya, a kwashe laka da ciyawa. Ba taron da ya fi shi tara maza, har na ƙauyukan gefe. Da aka tsaya shan ruwa, Maharazu ya hau bakin kanal, laka har gwiwa, ya nemi a ba shi hankali.

Ya ce manhajar da ya raba tana da cuta. Ya ce ba shi ya ɗauki hoton kowa ba, amma shi ya kai abin cikin gidajen mutane da hannunsa, bayan an gargaɗe shi bai ji ba. Ya ce duk mai ita ya rufe kwamfutarsa yanzu, kada ya ƙara haɗa ta da data, ya kawo a goge, kuma ya canza duk lambobin sirrinsa. Duk wanda ya kwafa ya bai wa wani, ya bi sahu ya gaya masa. Sannan ya cire jan filas ɗin daga wuyansa, ya ɗora a kan kankaren gada, ya sa ƙotar fartanya ya farfasa shi.

Wani dattijo ya ce Allah ya kyauta, aka koma aiki. Badamasi yana can ƙarshen layi, bai ɗago kai daga sheburinsa ba.

Daga nan Maharazu ya rufe shago ya hau babur. Ya bi Bunkure, ya bi Dawakin Kudu, ya shiga rugagen da malamansu suka sayi laftof, yana tambaya gida-gida wa ya karɓa, wa ya bai wa wa. A wajenmu ba abin da ya kai neman a dawo maka da kyauta nauyi a baki, shi kuwa haka ya yi ta yi, yana sallama yana cewa abin da na ba ku na zo karɓa. Wasu suka yi masa godiya. Wasu suka bar shi a tsaye a rana. Wani mai injin casa ya ce tasa lafiyarta ƙalau, ba zai koma mai nawa ba, sai da matarsa ta sa baki daga cikin gida. Khaulat ta haɗa masa wata manhajar halal mara nauyi, ita ya riƙa sa musu. Duk da haka akwai kwamfutocin da bai cim musu ba, an sayar da su an yi gaba da su. Har yau in ya tuna sai ka ga ya ajiye abin da ke hannunsa.

Mazan ba su biya ’yan damfarar ba, Khaulat ta ce ko an biya ba za su daina ba. An kai ƙara inda ya kamata, ba mu ƙara jin komai ba. Hotuna kaɗan suka ɓulla a wasu zaurukan waya, manya suka tsawata, aka goge, amma wanda ya gani ya riga ya gani. Ummulkhairi ta daɗe ba ta fita ko unguwa. Ƙungiyarsu ta ci gaba da turara shinkafa, laftof ɗin kuma tana cikin akwati.

Da ya sake buɗe shago, maza sun dawo a hankali, don har yanzu ba wanda ya kai shi iya aiki. Wayoyin mata ne suka ɗauke. Yakan wuni yana gyaran caja da sifika, ni kuwa na daina tsokanarsa, don abin ba ya yi mini daɗi. Da lokacin dashe ya zo ya yafa iri fiye da buƙatarsa kamar kullum, ya ɗaɗɗaure ya raba. Ya aika wa Badamasi nasa. An karɓa, an dasa, ba a aiko da godiya ba.

Sai da tumatir ya fara ja, wata ranar kasuwa, na ga Badamasi ya tsayar da babur a ƙofar shagon. Na ajiye sifana na matsa kusa da hujin langa-langa. Ya yi sallama, Maharazu ya amsa har yana ture kujera.

“Ya ruwa a wajenka?” in ji Badamasi.

“Alhamdu lillahi. Naka ya isa jiya?”

“Ya isa.”

Ya sa hannu a aljihu ya fito da waya mai jan kwali.

“Ta maman yara ce. Ba ta caji. Ita ta ce a kawo maka, wai na Kano sun ɓata mata ita.”

Maharazu ya karɓa. Ni kaina sai da na ji daɗi ya kama ni, na ce a raina to, an wuce wurin. Ya jawo fitila, ya ɗauki asuwakinsa, ya ɓalle murfin baya. Sai ya tsaya. Daga inda nake ina hango ramin memori, babu komai a ciki.

Badamasi ya juya yana kallon titi. Maharazu ya hure ƙurar da ke bakin cajin, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki.

“Ka dawo bayan la'asar,” ya ce. “Za ta yi.”